Kufai a Bayan Shingen Soja: Tafiyata Zuwa Tsakiyar Texas

Shekara 31 na yi ina aikin safiyo tsakanin Kano da Jigawa, kuma kakana na wajen uba malamin taki ne a zamanin En'e, cikin mutanen nan da ke auna gona da takun ƙafa don a yanka mata haraji. Shi ya sa duk inda na sauka idona a ƙasa yake: ina iyaka ta bi, wa ya ja ta, me ta haɗiye. Ɗan ƙanwata da ke aikin soja a sansanin Fort Hood, kusa da garin Killeen a jihar Texas ta Amurka, ya daɗe yana matsa min in je in ga 'ya'yansa, ina ta ja masa rai, har ranar da ya turo min hoton wasu shanu kwance suna tuƙa, ga tankar yaƙi tana wucewa ta bayansu. A ƙasan hoton ya rubuta, "Kawu, ka ga ko a jikinsu." Na tambaye shi shanun wane ne a cikin filin soja. Ya ce an ce masa na mutanen da aka tasa daga wurin ne tun da daɗewa. Daga ranar na fara neman biza.

Na tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano mako biyu bayan ƙaramar Sallar 2024, na kwana zaune a Doha, sannan muka yi awa goma sha biyar da wani abu a sama kafin Dallas. Yaron ya riga ya gargaɗe ni kada in ɗauko kilishi, don ba a shiga ƙasar da nama, saboda haka kuka da yaji kawai na riƙo wa matarsa, na kuma faɗa wa jami'in kwastan da bakina. Ya buɗe ya sunsuna yajin, ya yi atishawa, ya mayar min.

Daga Dallas muka kama babbar hanya mai lamba 35 muka yi kudu, tafiyar kusan kilomita 250. Galan ɗin fetur, wato kusan lita huɗu, dala uku ne da 'yan kai. Mun tsaya a wani ƙaramin gari mai suna West, inda jikokin mutanen Cek ke gasa wani burodi mai zaƙi da 'ya'yan itace a tsakiya. Muka zaɓi na 'ya'yan itacen don na naman akwai alade. Bayan Waco da Temple, a Belton muka karya yamma. Nan ƙasar ta sauya. Baƙar ƙasar noma ta ƙare, aka shiga tuddai na farin dutse da gajerun itatuwa masu duhun ganye, ga furanni ja da rawaya sun rufe gefen titi. Ta tuna min da hanyar Ningi a farkon damina, sai dai babu ko mutum ɗaya da ke tafiya a ƙasa.

Killeen gari ne da soja ya haifa a karo na biyu. Jirgin ƙasa ne ya fara kafa shi a 1882, ya zauna a matsayin ƙaramar kasuwar auduga da ulu, kuma a ƙidayar 1940 mutanensa 1,263 ne kacal. A ƙidayar 2020 sun haura 153,000. Duk inda ka duba shagon aski ne, da wurin sayar da mota, da masu karɓar jingina, da gidajen abincin Koriya na matan da sojoji suka auro. Har lokacin ana sayar da ragowar rigunan husufin rana da aka yi a farkon watan, don ta kan garin duhun ya bi. Ranar Juma'a muka yi salla a masallacin garin, sahu ɗaya da 'yan Pakistan da 'yan Senegal da baƙaƙen Amurka, wasu da kakinsu.

Ban yarda a fara kai ni bariki ba. Na ce masa, "Ɗana, safiyo ba ya shiga fili sai da takarda a hannu." Ya ɗauki hutun kwana biyu, muka tafi Austin, babban birnin jihar, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci.

Ofishin filaye na Texas ya girmi zaman jihar a cikin Amurka. An kafa shi a 1836, lokacin Texas na ƙasa mai cin gashin kanta, kuma da ta shiga tarayya a 1845 ta riƙe filayenta a hannunta, ba ta miƙa wa gwamnatin tarayya ba. Taswirorin da ke ajiye a wurin sun haura 45,000. Na nemi ta gundumar Coryell da ta Bell, su biyun da sansanin ya hau kansu. Da aka buɗe min ta Coryell sai da na cire gilashi na goge. Fili ne bisa fili, an jera su kamar ƙyallayen da tela ya harhaɗa, kowanne da sunan mutumin da aka fara mallaka wa. Waɗanda ke bakin rafi dogaye ne sirara, don kowa ya samu mashaya. Awon ma ba da yadi ko mita aka yi ba, da wani ma'auni ne da suka gada daga Sifaniyawa, sunansa bara, inci 33 da sulusi, kusan taku guda na babban mutum. Na tsaya ina kallon lambobin ina tuna kakana da ƙafarsa a gonakin Dawakin Kudu. Ma'aikaciyar da ke kula da ni ta ce har gobe duk takardar mallakar fili a Texas da sunan wancan awo na farko ake kwatanta ta, ko da gidan sama ne a kai yanzu, ko filin harbi. Dala 20 na biya aka buga min kwafi.

Wadda ta fi taɓa ni a ɗakin adana tarihi na jihar na same ta, kusa da majalisa: taswirar hanyoyi ta gunduma-gunduma da hukumar hanyoyin Texas ta zana a 1936. Masu zanen ba su bar komai ba. Kowane gida ɗan ɗigo ne mai kusurwa huɗu, makaranta da 'yar tuta a ka, coci da gicciye, maƙabarta da alamarta. A kudancin Coryell ɗigon nan sun bi rafin Cowhouse da rassansa kamar tururuwa a kan zaƙi. Ga sunaye: Antelope, Eliga, Sugar Loaf, Tama, Boaz, Ruth, Friendship, Ewing. A gefen Bell ga Palo Alto, ga Okay, ga Brookhaven, ga Sparta. Da dare a gida na shimfiɗa takarda mai shara-shara a kan taswirar yau, na zana iyakar sansanin, na ɗora ta a kan ta 1936. Duk sunayen nan suka faɗa ciki. Na fara ƙirga ɗigon gidaje, na wuce ɗari, hannuna ya yi sanyi na ajiye fensir. A taswirar yau wurin launi ɗaya ne shafe, babu ko suna, sai rubutu guda a tsakiya.

Yadda abin ya faru kuwa, yaƙin duniya na biyu ne sila. Tankokin Jamus sun murƙushe Faransa cikin makonni a 1940, sojan Amurka ya ga dole ya horar da rundunar da aikinta kawai farautar tanka, kuma irin wannan horo yana son fili mai faɗi da tudu da kwari. A Janairun 1942, wata guda da 'yan kwanaki bayan harin da Japan ta kai wa Amurka a Pearl Harbor, aka sanar cewa an zaɓi yankin Killeen. Gwamnati ta karɓi eka 108,000 a tashin farko, aka ɗora Janar Andrew Bruce a kan aikin, aka buɗe sansanin a hukumance ranar 18 ga Satumba na shekarar. Iyalai ɗari uku ko fiye, manoma da masu kiwo, aka ce su kwashe cikin wa'adi ƙanƙani. A 1943 aka ƙara fili ta arewa wajen Gatesville. A 1950 aka mayar da shi na dindindin, sannan cikin shekarun 1950 aka sake faɗaɗa shi ta gabas, daidai lokacin da madatsar ruwan Belton, da aka gama a 1954, ta cinye nata rabon. Yau faɗinsa ya kai eka 214,000, kusan murabba'in kilomita 870. Ka haɗa ƙananan hukumomi takwas na birnin Kano da kewaye, ba su cika shi ba.

Ko sunan wurin bai zauna wuri ɗaya ba. Fiye da shekara 80 ana kiransa da sunan John Bell Hood, janar na ɓangaren Kudu masu riƙe da bayi a yaƙin basasar Amurka. Lokacin da na je allunan hanya Fort Cavazos suke cewa, don a Mayun 2023 an sauya masa suna zuwa na Janar Richard Cavazos, wanda shi kansa ɗan makiyayi ne, a gandun shanun King Ranch ya tashi inda mahaifinsa ke shugabantar masu kiwo. A 2025 kuma aka mayar da Fort Hood, wannan karon da sunan wani Kanar Robert Hood na yaƙin duniya na ɗaya. Tsofaffin garin dai ban ji ko ɗaya ya daina cewa Hood ba.

Shiga sansanin sai da shiri, tunda ni baƙo ne daga wata ƙasa. Yaron ya fara cike takarduna tun kafin in taso. A ofishin baƙi kusa da babbar ƙofa aka karɓi fasfona, aka ɗauki hotona, muka zauna kusan awa guda kafin a ba ni takardar izini, da sharaɗin duk inda zan sa ƙafa yana tare da ni. A ƙofa wata soja 'yar yarinya, ba ta fi sa'ar autata ba, ta duba takardar, ta duba fuskata, ta sara wa yaron, muka wuce. Babu wanda ya ce a sauko, babu wanda ya leƙa aljihun kowa.

Cikin barikin gari ne sosai, da makarantu da asibiti da kantuna, sai jerin tankoki a bayan waya iya ganinka. Wannan bai dame ni ba. Hanyar da ta fita daga gidaje ta yi arewa ta cikin filin atisaye, ita na zo gani. Mun haye wasu ƙarafa da aka jera a kan rami a tsakiyar titi, mota na wucewa amma saniya ba ta iya takawa, daga nan babu sauran shinge. Ba mu yi minti goma ba sai ga su. Baƙaƙe da jajaye, marasa tozo, gajerun ƙafa, jiki kamar an hura, kowacce da lalas a cinya da lamba a kunne. Babu makiyayi, babu sanda, babu kare. Can nesa ana jin dirin manyan bindigogi har cikin ƙirji, maruƙa na ta tsotso abinsu. Wata ta tsaya a tsakiyar kwalta, motar soja mai sulke ta ja birki tana jiranta ta ga dama.

Asalin wannan, alkawari ne da aka yi wa mutanen da aka tasa, cewa ƙasa ta tafi amma ciyawa tasu ce. Tun 1954 ƙungiyarsu ta masu shanun tsakiyar Texas take riƙe da hayar kiwo a cikin sansanin, ana sabunta ta lokaci-lokaci, kuma 'ya'ya da jikoki ne ke gadon haƙƙin. Ba zaman lafiya ne zalla ba. Sojoji na ƙorafin shanu na tsayar musu da harbi, masana muhalli na cewa kiwo da tankoki tare suna zaizaye ƙasa, ana ta ja-in-ja kan adadin da za a bari. Akwai ma wani tsuntsu mai bin shanu kamar yadda balbela ke yi a wurinmu, wanda ke zuba ƙwansa a sheƙar wasu ƙananan tsuntsaye da suka kusa ƙarewa, har sai da aka riƙa kafa masa tarko. Duk da haka fiye da shekara 70 ke nan alkawarin na tsaye, saboda an rubuta shi, kuma masu shi sun haɗa kai sun tsare shi. Na yi ta juya wannan a raina ina tuna dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965, da burtalan da na gani da idona a tsofaffin taswirorinmu, na koma bayan shekara ashirin na tarar da gero a kansu ko ginin bulo.

Da taswirar 1936 a cinyata nake bin hanyar. Inda ta nuna gidaje uku da makaranta, na roƙi yaron ya rage gudu. Ba a yarda a sauka a shiga daji ba, saboda harsasan da ba su fashe ba, amma daga cikin mota na hango abin da duk Bahaushe zai gane: itatuwa manya a jere cikin layin da daji ba ya yi da kansa, tarin duwatsu da aka sassaƙa, da wasu furannin gida da suka ci gaba da fitowa ba mai ba su ruwa. Kufai ne. Yadda kuka da rimi da marina ke tona asirin tsohon gari a wurinmu, haka waɗannan. Na ce, "Ɗana, nan ƙofar gidan wani ce." Ya ce shekara uku yana wucewa ta nan da tanka bai taɓa lura ba.

Muka fita ta arewa muka shiga Gatesville da la'asar, muka kama ɗaki a wani ƙaramin masauki na wani Ba'indiye, dala 80 kwana ɗaya. Abincin dare kifin tarwaɗa ne soyayye da garin masara, da wani wake mai romo, dala 15 kowa. Naman garin ba yankanmu ba ne. Gari ne shiru, da kotun gunduma ta farin dutse da ja tun ƙarshen ƙarni na 19 a tsakiyarsa. Da safe muka shiga gidan tarihinsu, wanda ya yi suna da tarin ƙaimi, dubbai, na ƙarfe da na azurfa, wasu da ƙaya kamar tauraro. Da mahayan Sarki za su ga wurin da sun wuni.

A nan na haɗu da wata tsohuwa. Tana zaune kusa da ƙofa tana jiran 'yarta, ta ga takarda naɗe a hammatana ta tambaye ni mece ce. Da na warware mata a kan tebur ba ta ce komai ba, ta sa tabarau, ta ɗora yatsa a kan rafin Cowhouse ta bi shi a hankali, ta haye wata 'yar hanya, ta tsaya a kan ɗigo ɗaya. Ta ce nan aka haife ta. Shekararta shida aka tashe su.

Turancinta na da nauyi a kunnena, sai yaron na taimaka min. Ta ce abin da ta fi tunawa shi ne mahaifiyarta na kuka a kan itatuwan da ta dasa suna cikin fure. Mahaifinta ya sayar da shanu da awaki a araha, don kowa sayarwa yake a lokaci guda kuma masu saye sun san ba su da zaɓi. Kuɗin filin bai zo da wuri ba, da ya zo kuma gonakin kewaye sun riga sun yi tsada, bai isa a sayi kamarsa ba. Suka koma gabas kaɗan suka kama haya, bayan shekara goma sha ɗaya faɗaɗawa ta biyu ta sake iske su. Kakanninta an tone su an mayar da su maƙabartar gari, amma akwai ƙananan maƙabartu da aka bari a ciki, kuma sau ɗaya a shekara, a ƙarshen watan Mayu, ana dakatar da harbi a buɗe hanya iyalai su shiga ziyara. Ta ce tana zuwa duk shekara, tana kai jikoki ta nuna musu bakin rijiyarsu.

Na tambaye ta ko mahaifinta ya yi gardama. Ta girgiza kai. Ta ce yayyenta biyu na bakin daga a lokacin, wa zai buɗe baki ya ce gonarsa ta fi 'ya'yan mutane? Ya tafi ya yi aikin kafinta yana gina wa sojoji ɗakuna a kan ƙasar maƙwabtansa, kuma har ya mutu bai ƙara ambaton sunan ƙauyen ba. Sai ta dubi yaron da askinsa na soja, ta dafa hannunsa, ta ce jikanta ma a sansanin yake aiki, kuma ba don albashin wurin ba da rabin gundumar sun watse.

Ban ga laifin ƙasar da ke cikin yaƙi ta nemi filin horo ba. Abin da ya tsaya min shi ne gaggawar da kuma farashin, da yadda aka bar wa talaka nauyin kishin ƙasa shi kaɗai. Kuma gaskiya ba ta cika sai na faɗi ɗaya ɓangaren: waccan taswira ta ofishin filaye da ta burge ni, ita ma shafe wasu ta yi. Kafin a ja layukan nan ƙasar farautar ƙabilun Tonkawa da Komanci ce, 'yan asalin ƙasar, aka kore su zuwa Oklahoma, kuma babu ɗigo ko ɗaya da aka sa musu. Masu binciken tarihi sun gano wurare sama da 2,000 a cikin sansanin, kusan rabinsu na mutanen da suka riga Turawa zama ne, har da wani da'irar duwatsu kusa da kogin Leon da 'yan asalin ƙasar ke zuwa yin addu'o'insu. Na faɗa wa tsohuwar haka, ina tsoron kada ta ji haushi. Ta ce tana yarinya sukan tsinci kan kibiya na dutse a bayan garma, su cika gwangwani da su.

Na bar mata kwafin 1936 ɗin, tunda yaron zai iya sake bugo min. Ta sa 'yarta ta zagaye ɗigon da jan biro.

Mun komo ta hanyar waje, ta yamma, muka haye Cowhouse a Pidcoke, ƙauyen da iyaka ta tsaya dab da shi ya tsira da cocinsa da 'yan gidajensa. Ruwan garau yake gudu a kan farin dutse. Sauran kwanakin na jikoki ne da cin tuwon da aka yi da kukar da na kawo, sai rakiya zuwa Dallas.

Sati biyu da dawowata na tafi garinmu da babbar takarda da fensir, na sami Baffa, ƙanin mahaifina, wanda ya haura tamanin, a zauren gidansa. Na ce, "Baffa, burtalin da ya bi ta bayan gari zuwa fadama nake so ka bi da ni, tun daga inda yake shigowa." Ya aika aka kira Ardo, suka zauna su biyu suna faɗa ina zanawa: mashaya, da tsamiyar da ake hutawa, da rugar da ta tashi shekarar fari, da kufan unguwar maƙera. Kafin azahar mun rubuta suna 23. Sun saɓa a kan wata rijiya, Baffa ya ce gabas da tsamiya take, Ardo ya ce yamma. Mun yi da su ranar Asabar za mu je da ƙafa mu duba.